Yadda Waya Ta Raba Baba da Taba

Mahaifina ya yi shekara arba'in da wani abu yana shan taba, kuma a gidanmu babu wanda ya sani. Haka dai muke cewa. Inna ta sani, tunda ita ke wanke masa jallabiya tana kakkaɓe ɓurɓushin daga aljihu. Ƙannena sun sani, maƙwabta sun sani, mai kantin bakin layi ya fi kowa sani. Amma da za ka tambayi ɗayanmu, sai ya ɓata rai ya ce wa ya gaya maka wannan magana. Duk sanda Baba ya gama shan jabana, wato gahawarmu mai citta, sai ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Bari in duba awaki." Daga nan ya zagaya bayan ɗakin ciyawa, mu kuma mu ci gaba da hira muna kallon hayaƙi yana tashi ta saman danga. Awakin nan tun ina sakandare aka sayar da su, amma Baba bai fasa duba su ba sau goma a yini.

Ni ce 'yar fari, kuma mu Hausawan Gadarif ta ƙasar Sudan mun riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu, ina jin har mun fi waɗanda kakanninmu suka baro a gida. Baba ba ya kiran sunana, ba ya kallona ido cikin ido. In yana son ruwa ina tsaye a gabansa da tulu, Inna zai juya ya ce wa, "Ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa." A hannun kakata na tashi a Hawata, na yi karatu, na zama malamar makaranta, na yi aure a Madani. Da yaƙi ya iso Madani muka tattara abin da hannu zai iya ɗauka, maigidana ya wuce Bur Sudan neman aiki, ni da 'ya'yana uku muka dawo gidan Baba. Shekarata talatin da bakwai a lokacin, da furfura biyu a goshi, amma har yanzu ni ce yarinyar nan.

A daminar farko da na yi a gida na lura da tarinsa. Ba irin tarin mura ba ne, tari ne mai fitowa daga can ƙasa, yana girgiza shi har ya dafa bango. Daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci ba nisa, amma sai ya tsaya sau biyu, ya yi kamar yana goge laka daga takalmi. Inna ta yi ta lallashi, ni kuma na yi ta ingiza Inna, har dai muka kai shi asibitin unguwa.

Hakim ɗin da muka samu, wato mai duba marasa lafiya, shi ma gudun yaƙi ne ya kawo shi daga Khartum, kuma bai san komai game da awakinmu ba. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjin Baba, ya saurara, ya ɗago kai ya ce a gabana da Inna, "Ya Hajj, sijara nawa kake sha a yini?"

Inna ta ɗaga kai tana nazarin rufin ɗaki. Ni na sunkuya ina duba takalmina kamar yau na fara ganinsu. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Su wa?"

"Kai, ya Hajj. Ƙirjin nan ba na maƙwabcinka ba ne."

Na ja Inna muka fita don mutumin ya samu damar amsawa. Amma ƙofar labule ce, mun ji sauran. Hakim ya ce masa in ya ci gaba a haka, baɗi ba zai iya hawa tarakta ba, baɗin baɗaɗa kuma ko ƙofar gida sai an riƙe shi. In ya bari yanzu, abin da ya rage na huhun zai ishe shi shekaru. Baba kuwa tun yana saurayi a manyan gonakin dawa da riɗi na wajen Ƙala'at an-Nahal yake, ya yi direban tarakta, ya zama wakilin mai gona. Gara ka ce masa zai mutu da ka ce masa ba zai sake zuwa gona ba. Ni kuma a bayan labulen gabana ya faɗi, domin na rasa gida a shekarar, ba na son in rasa uba.

Sai hakim ya leƙo ya ce, "Wa ke karatu a gidanku?" Ya bayyana mana cewa akwai wani tsari na saƙonnin waya don masu son barin taba. A rubuta lambar mutum, ya zaɓi ranar da zai bari, daga nan kullum safe da yamma saƙo zai riƙa shigowa yana ba shi shawara da ƙarfin gwiwa. Wayar Baba 'yar ƙarama ce mai maɓallai, shi kuma karatun allo ya yi, manyan baƙaƙe da wasali ya sani. Rubutun waya yakan ce tururuwa ce aka jera. Inna ba ta karatu. Ƙannena maza, ɗaya yana gona a Basunda, ɗaya ya tafi haƙar zinariya. Hakim ya miƙo mini wayar ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya ustaza, tunda ke malama ce aikinki ne." Bai san abin da ya ɗora mini ba.

Ka ga, 'yar fari ba ta ce wa ubanta ya sha ruwa, balle ta ce masa kada ya sha tabar da ba a taɓa yarda yana sha ba. Inna ce ta samo mafita. A safiyar farko muka zauna mu uku a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ita a tsakiya. Ni in karanta mata, ita ta isar masa, alhali tsakanina da shi bai fi taku uku ba.

"Inna, waya ta ce yau ce ranar farko, a tattara duk taba da ashana a fitar da su daga gida."

Inna ta juya ta ce, "Malam, an ce yau a share ɗaki."

"Na ji," in ji Baba.

Da yamma waya ta ce in sha'awar taba ta taso ya sha ruwa a hankali ya jira, za ta wuce cikin 'yan mintoci. Inna ta ce masa an ce ya riƙa shan ruwa saboda zafi. Raina ya ɓaci. Ni malama ce, na tsani a ba ni darasi a mayar da shi kunu. Na bi ta madafa na ce, "Inna, haka za mu yi? Kalmar ma ba za ki faɗa ba?" Ta ce ita shekara arba'in ba ta faɗa ba, ba za ta fara yau don wata waya ba.

Rana ta uku Allah ya taimake ni, saƙo ya shigo tana tsakiyar yin kisra, siririyar wainar dawarmu, hannu duk ƙullu. Ta ce daga madafa mu jira ta. Ban jira ba. Na juya na fuskanci gindin darbejiya, na ba Baba gefe, na ɗaga murya kamar ina aji na ce, "Waya ta ce yau kwana uku ba taba. Ta ce yau da gobe su ne mafi wuya, ta ce in mutum ya ji haushin kowa, ba laifinsa ba ne, jiki ne ke neman abin da ya saba."

Na ji cokalin Inna ya tsaya. Kajin gidan ma kamar sun yi shiru. Baba ya daɗe yana juya ɗan finjalin jabana a hannu, sannan ya dubi danga ya ce, "Ce wa talafon na ji. Ce mata gaskiya ta faɗa."

Daga ranar muka sallami Inna daga aikin tafinta. Ni in gaya wa bishiya, shi ya gaya wa danga, waya tana tsakani. Kada wani ya ɗauka Baba bai san inji ne ke aiko da saƙon ba. Mutumin da zai kwance injin tarakta ya mayar a yini ɗaya ba za a ruɗe shi da wannan ba. Ya sani sarai, waya dai ta zame mana wadda ba ta da kunyar kowa.

Makon farko mun ji jiki. Ya yi faɗa da zakara, ya yi faɗa da rediyo, ya ce Inna ta canza gishirin miya don ta ƙuntata masa. Kowace shawara sai ya yi gardama da ita. Waya ta ce ya rage jabana na ɗan lokaci tunda ita ke jawo sha'awar, ya ce, "Ce mata wanda ya rubuta risalar nan bai san daɗin jabanar Gadarif ba, shi ya sa ya aiko da wannan saƙo." Amma ya koma shayi da na'ana'a, yana sha yana ɓata fuska kamar magani. Waya ta ce ya samu abin taunawa, sai gidan ya cika da ƙwallon aduwa da magarya da goruba, 'ya'yana suna taya shi, har ƙaramar ta yi ciwon ciki. Waya ta ce ya ba hannunsa aiki. Ya sake saƙa igiyar duk wani gado da ke gidan, ya gama ya aika a ɗauko na maƙwabta. Wata tsohuwa ta zo da kanta ta ce nata lafiyarsa lau, ya ce bai yarda ba sai ya gani.

Saƙonnin gajeru ne, layi biyu ko uku. Ban san ranar da na fara ƙara musu tsawo ba. In waya ta ce ya nisanci wuraren da ya saba sha, sai in ce, "Waya ta ce a daina zama a bencin mai kantin bakin layi bayan la'asar." In ta ce ya tuna dalilin da ya sa yake son bari, sai in ce, "Waya ta ce jikoki ba su taɓa ganin gonar riɗi ba, suna jiran wanda zai kai su." Rannan ya tauna aduwarsa ya ce wa danga, "Wallahi talafon nan ta san unguwarmu ƙwarai." Na cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini.

Shi ma bai bar ni a baya ba. Wata safiya bayan na gama karatu ya ce, "Tambayi talafon, mijin yarinyar nan ya kira daga Bur Sudan?" Na ce wa bishiya ya kira, yana lafiya, aikin ne dai bai samu ba tukuna. Ya ce, "Ce mata ma'alesh, a yi haƙuri. Ce mata kada yarinyar nan ta riƙa ƙin cin abinci, gidan nan gidanta ne, ba baƙuwa ba ce." Ashe yana lura da kwanon da nake turewa. Na tashi kamar zan ɗebo ruwa, na je bayan randa na yi kukana na wanke fuska. A wata ɗaya na yi magana da mahaifina fiye da duk abin da na yi da shi tun haihuwata, kuma na ji daɗin abin har cikin raina.

Duk ranar Juma'a saƙon daban yake. Tambaya ce: in mutum bai sha ko kara ɗaya ba a makon ya aika da lamba ɗaya, in ya sha ya aika da biyu. Nan Baba ba ya magana. Yatsa ɗaya yake ɗagawa yana kallon wani wuri, ni kuma in gani ta gefen ido in danna. Juma'a biyar a jere yatsa ɗaya. Tarin ya yi sauƙi, ya fara jin ƙamshin abinci, har ya gano cewa shekara da shekaru Inna tana sa tafarnuwa a miyar kuɓewa, abin da ya rantse ba ya ci. Tsayawarsa a hanyar masallaci ta koma sau ɗaya.

Sai riɗi ya nuna. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in aka yi jinkirin yanka kwana kaɗan sai kwanson ya fashe ya zubar da 'ya'yan a ƙasa. Mai gona ya aiko Baba ya tafi ya tsaya kan masu yanka, mako uku. Na san yadda sansanin ma'aikata yake. Da an tashi aiki sai a kunna kara ɗaya ya zagaya hannu zuwa hannu, kuma in an miƙo wa wakili ya ƙi karɓa, sai a ce ya fara girman kai. Ga shi babu shabaka, wato sabis na waya, a can sai mutum ya hau dutse, kuma ko da akwai, Baba ba zai miƙa wa wani lebura wayarsa ya karanta masa sirrinsa ba. Wayar ta zauna a hannuna.

Na yago takardu daga littafin rubutu na ɗana, na zauna na rubuta saƙo ashirin da ɗaya, kowace rana ɗaya. Na yi su da manyan baƙaƙe da wasali irin na allo, na sa lamba a bayan kowanne, na ɗaure da zare. Inna ta cusa su cikin jakarsa tare da ƙullin aduwa, ta ce, "Malam, waya ta ba da sallahu." Ya ce, "Tamam," ya hau lori ko waiwaye bai yi ba.

Makonni ukun nan sun yi mini tsawo. Saƙonni suna shigowa safe da yamma ina karantawa ni kaɗai, suna yaba wa mutumin da ban san halin da yake ciki ba. Juma'ar farko da tambayar ta zo na ɗora yatsa a kan ɗaya, Inna ta riƙe mini hannu ta ce, "Shaidar zur za ki yi wa ubanki?" Na ce ai inji ne. Ta ce inji ko ba inji ba, abin da ban gani ba ba zan faɗa ba. Haka muka bar tambaya uku ba amsa.

Ranar wata Alhamis ya dawo, ya rame ya yi baƙi, da buhun riɗi da kaji biyu da wani ya ba shi. Kafin Inna ta jiƙa jallabiyarsa na riga ta, na tsaya ina shinshina ta lungu-lungu kamar kyanwa. Warin gas, warin hayaƙin itace, warin gumi, da wani abu da na kasa tantancewa. Inna ta fizge rigar ta ce in ji kunya. Ban ji ba.

Washegari da hantsi muka koma wurarenmu a ƙarƙashin darbejiya. Waya ta yi ƙara. Na fuskanci bishiya na karanta tambayar, na zuba gefen ido ina jiran yatsa. Yatsa bai tashi ba. Hannayensa biyu suna kan gwiwa. Inna ta dube shi, ta dube ni, ta ce ta manta wake a wuta, alhali ba a ɗora komai ba. Ta bar mu.

"Danna biyu," in ji Baba.

Da baki ya faɗa, ba da yatsa ba. Kuma ba danga ya gaya wa ba, domin muryar ta gefena ta zo.

"Kara ɗaya ne. Ranar da hadari ya taso riɗi yana tsaye a gona ba mu gama kakkaɓewa ba. Wani ya miƙo mini sijara na karɓa. Rabi na sha, sai na tuna takardar ranar tana aljihuna, na mayar masa da sauran." Ya nuna wayar da ke hannuna. "Na sha dai. Danna."

Zai iya ɗaga yatsa ɗaya, ba wanda zai sani. Ni kaina abin da nake roƙo ke nan, ko da ƙarya ne. Haushi ya taso mini, irin wanda nake ji in ɗalibin da na fi so ya faɗi jarrabawa, sai kuma ya narke, domin dattijon nan mai shekara kusan saba'in ya zauna ya gaya wa 'yarsa ta fari abin da bai taɓa gaya wa matarsa ba. Na danna biyu. Ba a jima ba amsa ta shigo.

"Me ta ce?"

Na karanta masa daidai yadda yake, ban ƙara ko wasali ba. Ta ce kara ɗaya ba ya goge makonnin da suka wuce, ta ce ya duba abin da ya jawo, ya ci gaba daga yau.

"Shi ke nan?" in ji shi. "A da ta fi haka surutu."

Na ajiye wayar a kan tabarma. Na juyo gaba ɗaya na dube shi, na ga ashe idanunsa irin na ƙaramar 'yata ne, ban taɓa sani ba. Na ce, "Yaba, Babana, sauran ba waya ce za ta faɗa ba. Ni ba na so ka mutu yanzu. Ban gama saninka ba."

Bai kau da kai ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kin faɗa, ya bitti, 'yata. Na ji."

Daga madafa muka ji Inna tana fyace hanci da ƙarfi, tana zagin hayaƙin wutar da ba ta hura ba.

An yi kaka biyu tun daga ranar. Saƙonnin sun ƙare da kansu bayan 'yan watanni, mu kuma ba mu tashi daga ƙarƙashin darbejiya ba. Har yanzu yana hawa tarakta, yana kuma yi wa matasan direbobi faɗa ba tare da numfashinsa ya yanke ba. Mutane sukan tambaye ni ko na tabbata ya bari, tunda gona nesa take kuma ba na ganinsa a can. Nakan ce na tabbata. Da ya sha, da ya gaya mini.